Jan Wake a Ƙwaryar Ardo Datti

Litinin, 7 ga Maris 1983, bayan la'asar

Yau a bakin kasuwa na yi wa Hamman sallama sau biyu, ya juya yana duba wata igiya kamar bai taɓa ganin igiya ba a duniya. Ni Zailani, malamin dabbobi, shekara shida ina ratsa dajin Doguwa da babur da akwatin allura, ba a taɓa yi mini haka ba. Na san shanunsa goma sha biyu sun tafi, har da Wule, saniyar da ya gada a wajen mahaifinsa. To amma ni na kashe su?

Bushiya ce, annobar shanu. Na rubuta sunanta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. A ruga ba a kiran sunanta, sai dai a ce baƙuwar nan, ni ma bakina ya saba.

Watan jiya na yi wa rugage biyar allura, na huda kunnen kowace saniya don shaida. Rugage uku suka ƙi, cikinsu har da ta Sale, wanda ya rako ni da sanda har bakin hanya. Rugage shida na hayin rafi ban kai gare su ba magani ya ƙare. Yanzu baƙuwar ta shiga takwas ɗin nan na wannan hayi, kuma zancen da ke yawo ɗaya ne: Hamman mai allura ya rasa goma sha biyu, Sale da ya ƙi ya rasa tara. Shi ke nan, an gama shari'a, allurar Zailani ce ke kisa.

Hannuna bai taɓa rawa a kan wuyan saniya ba. Wannan kowa ya sani.

Laraba, 9 ga Maris, da hantsi

Mai kawo mana nono ba ta zo ba. Matata Turai ta dama mana kunu a madadinsa.

Juma'a, 11 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Jiya na je ofis a Tudun Wada. Shugabana Malam Maikano ya ce motar sabon magani za ta iso ranar Talata 29 ga wata, kuma kwana ɗaya za ta yi. In Ardo Datti ya yarda aka tara shanun hayin rafi, a yi musu. In bai yarda ba, mota ta wuce wajen Kiru inda ake roƙon ta, ni kuma a dawo da ni ofis in riƙa jera takardu tunda daji ya ƙi ni.

Jera takardu! Ni da na zo na ɗaya a lissafi a makarantar horo, har malaminmu yana ba ni alli in ƙarasa darasi in zai je salla.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Na ga garken hayin rafi da idona a kaka, farare tas, 'yan maruƙa suna tsalle. Rafin ya kusa ƙafewa. Baƙuwar ba za ta nemi kwalekwale ba.

Lahadi, 13 ga Maris, kafin magariba

Na je wajen Ardo. Ya karɓe ni da mutunci, aka shimfiɗa mini buzu a gindin ɗorawa, dattawa suka kewaye. Hamman yana can gefe, Sale kuwa ya zauna gaba-gaba yana taunar goro kamar ranar sunan ɗansa.

Na share ƙasa da tafin hannu na ɗauki tsinke. Na ce, "Allah ya ja zamanin Ardo, goma sha biyu ta fi tara, ban musa ba. Amma goma sha biyu daga cikin nawa? Tara daga cikin nawa? Wanda aka ɗebi mudu ɗaya daga buhunsa, da wanda aka ɗebi mudu ɗaya daga kwanonsa, ai ba asara ɗaya suka yi ba."

Na ga kawuna suna gyaɗawa. Daɗi ya kwashe ni. Sai na ce, "Hamman, shanunka nawa ne kafin baƙuwar ta zo?"

Inna, yayar Ardo, tsohuwar da ke kaɗa nono a bayan zana, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, a garinku haka ake tsayar da mutum cikin taro a ce 'ya'yanka nawa?"

Da ina da hankali da nan na tsaya. Shekara shida na san Bafulatani ba ya ƙirga garke da baki, balle a gaban mai ɗauke da biro na gwamnati. Tsofaffinsu ba su manta jangali ba, kuma sun ce lamba tana jawo baki. Amma tsinke yana hannuna, darasi ya ɗauko. Na ce, "To, mu ƙaddara Hamman yana da tamanin, Sale yana da ashirin." Na zana. Goma sha biyu cikin tamanin, uku ke nan cikin kowane ashirin, wato goma sha biyar cikin ɗari. Tara cikin ashirin kuwa arba'in da biyar cikin ɗari. Lissafi tsaf, ko malaminmu sai ya tafa.

Hamman ya miƙe. Ya ce, "Wa ya ba ka wannan lamba? Ka huda musu kunne, yanzu kuma ka sa musu baki?" Ya sa ƙafa ya shafe zanen, ya tafi.

Sale ya ce shi kuma an raina shi, wai ashirin.

Ardo ya raka ni har wajen babur. Ya ce, "Malam, kanka yana da kyau. Ka je ka huta."

Lissafina daidai ne. Ina so a san wannan.

Talata, 15 ga Maris, bayan azahar

Yau wata guda cif da waccan Talatar. Ba zan rubuta maganarta ba.

Alhamis, 17 ga Maris, da safe

Na wanke sirinji na jera allurai a gwangwaninsu, alhali ba inda za ni. Na daidaita sarƙar babur. Na sake daidaita ta. Turai ta ce in na ci gaba da taɓa sarƙar nan sai ta yi magana.

An ce a rugar Sale an binne wasu biyu. Ba wanda ya ƙara su a kan taran. Goma sha biyun Hamman kuwa har yara sun haddace.

Asabar, 19 ga Maris, bayan la'asar

Na faɗa wa Turai. Tunda na faɗa mata, bari in rubuta.

Waccan Talatar da na tafi yi wa rugage biyar allura, sarƙa ta tsinke mini a tsakiyar daji. Awa uku ina gindin wata kanya ina ƙulla ta da waya. Maganin nan ba ya son zafi, a cikin ƙanƙara yake tafiya. Da na isa na buɗe fulas, ƙanƙarar ta zama ruwa, sai 'yan gutsattsari suna yawo a sama. Na sa yatsa, da sanyi. Na ce wa kaina da sanyi. Shanu a tare, mutane sun baro aikinsu tun asuba, wani maganin kuma babu. Na yi allurar.

A makaranta an ce mana saniyar da ciwo ya riga ya shiga jikinta allura ba ta ceto ta. Da wannan nake kwana nake tashi, cewa na Hamman sun riga sun kamu. Amma in ruwan banza na ɗura wa garke biyar fa? Tamanin da ashirin ɗin da na zana ai daga kaina na ciro su. Ban sani ba. Ni da nake taƙama da lissafi, ban sani ba, kuma tsoro nake ji.

Turai tana tuƙa miyar kuka ta saurare ni har ƙarshe. Ba ta ce kaico ba. Ta ɗebo miya a ludayi ta miƙo ta ce, "Maigida, taɓa mini gishirin nan."

Na ce ya ji.

Ta ce, "Ludayi nawa ne a tukunyar?"

Na ce ina zan sani.

Ta ce, "To ka ga ka san gishirinta ba ka san yawanta ba. Kai da ka zo na ɗaya, me ya kai ka tambayar mutum yawan tukunyarsa? Ka juya ta da kyau ka ɗanɗana mana."

Na daɗe riƙe da ludayin har miya ta huce. Matar nan aji huɗu ta yi a firamare aka tashe su daga garinsu lokacin da ruwan madatsar Tiga ya cinye shi. Aji huɗu!

Lahadi, 20 ga Maris, da hantsi

Na auno farin wake mudu biyu, jan wake mudu ɗaya, iri masu girma ɗaya don kada yatsa ya bambance. Mun gwada ni da Turai a tsakar gida. Na zuba fari ɗari uku da ja ɗari ba ta gani ba, wato ɗaya cikin huɗu, ashirin da biyar cikin ɗari. Ta juya ta rufe ido ta ɗebo ɗari. Ja ashirin da uku. Ta mayar ta sake, ashirin da bakwai. Ta sake, ashirin da biyar cif.

Ta ce ladan aikinta ita ce in daina taɓa sarƙa.

Talata, 22 ga Maris, kafin magariba

Na koma wajen Ardo ni kaɗai, ban ɗauki biro ba. Na fara da ba da haƙuri a kan lambar da na furta. Ba ƙaramin abu ba ne a wajena, ban saba ba.

Na ce, "Baffa, ƙwarya biyu nake roƙo, da faifan rufi. Ɗaya ta masu allura, ɗaya ta waɗanda suka ƙi. Kowane mai garke ya shiga bukka shi kaɗai. Ba ƙirga zai yi ba. Ya kira shanunsa da sunansu yadda yake kiran su da safe. Wadda ke raye ya jefa mata farin wake, wadda ta tafi ya jefa mata ja. Waken kowa ya gauraya da na ɗan'uwansa. Sannan a juya, a ɗebo ɗari ido rufe, a ga ja nawa ne. Ba wanda zai san garken wani, har ni. In an gama a dafa waken a cinye."

Ardo ya ja gemu. Ya ce, "In jan ya fi yawa a ƙwaryarka fa?"

Nan na gaya masa maganar ƙanƙara, tun daga tsinkewar sarƙa. Ban yi niyya ba, ta fito ne kawai. Na ce in ja ya fi yawa a tawa, da bakina zan faɗa wa taro, in ɗauki akwatina in bar masa dajinsa.

Ya dube ni ya ce, "Ashe kai ma ba ka san abin da ke cikin ƙwaryar ba."

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To yanzu na yarda. Asabar."

Alhamis, 24 ga Maris, bayan azahar

Zafi. Ban iya cin abinci ba.

Juma'a, 25 ga Maris, bayan la'asar

Turai ta wanke mini farar rigar aiki ta goge. Na ce wace riga kuma, wataƙila korata za a yi. Ta ce to a kore ni da goge.

Asabar, 26 ga Maris, kafin magariba

Bari in rubuta a tsanake, kada in tsallake komai.

Mutanen hayin rafi duk sun zo, sun zauna rukuni guda da sandunansu a kafaɗa. Ardo ya sa kowane mai garke ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Aka fara shiga bukkar Inna ɗaya bayan ɗaya. Ni aka zaunar da ni nesa, bayana ga ƙofa.

Nisan bai hana ni jin Hamman ba. Ban ji ƙarar wake ba, muryarsa na ji, ƙasa-ƙasa, yana kira. Fure. Saye. 'Yar Saye. Ya daɗe yana kira, na toshe hankalina da gangan don kada kaina ya fara ƙirga, don na san halinsa. Can sai muryar ta tsaya. Aka jima. Sannan ya ce, "Wule." Ya fito bai dubi kowa ba.

Aka fito da ƙwaryar masu allura. Inna ta ɗaure ido da gefen mayafinta, ta sa hannu ƙarƙashin faifai ta juya, ta juya, kamar mai cuɗa fura. Tana ɗebowa tana zubawa a tabarma, Ardo yana jerawa goma-goma har layi goma. Aka tsince ja.

Bakwai.

Na ce a raina alhamdu lillahi, na kuma faɗa, na kuma faɗa. Bakwai cikin ɗari. Ƙanƙarar ta kai.

Aka kawo ta biyu. Sai Sale ya tashi ya ce bai yarda a ɗebi ɗari ba. Su rugage uku ne kawai, in hannun Inna ya taɓo gindin ƙwarya kowa zai gane yawansu. Gaskiyarsa ce, ban yi tunanin wannan ba. Ardo ya ce to a ɗebi ashirin da biyar. Inna ta ɗebo. Ja goma sha ɗaya.

Wani daga hayin rafi ya ce, "Bakwai da goma sha ɗaya, ai tazarar ba yawa. A kan huɗu za mu bari a huda mana kunnen shanu?"

Ga ramin da na faɗa ranar Lahadi ya sake buɗe baki. Wannan karon ban ɗauki tsinke ba. Na ce, "Baffa, waccan layi goma aka jera, wannan layi biyu da rabi. Ba a gwada dogon zane da gajere sai an daidaita su. Ashirin da biyar sau huɗu ne ɗari. Goma sha ɗaya sau huɗu, arba'in da huɗu. Amma kada ku ɗauki maganata. A ajiye tsakuwa goma sha ɗaya a madadin jan nan, a mayar da waken, a juya, a sake ɗiba har sau huɗu."

Aka yi. Na biyu tara. Na uku goma sha biyu. Na huɗu goma. Ardo ya tara tsakuwa da hannunsa, ya jera su kusa da jan wake bakwai ɗin can. Arba'in da biyu. Biyu sun ɓace mini daga abin da na faɗa, na yafe su.

Tsibi biyu ne a kan tabarma, ɗaya tafin yaro zai rufe shi, ɗaya sai hannu biyu. Sale ya daɗe yana kallon nasa tsibin. Ban ji daɗin ganin fuskarsa ba, ko da yake na yi zaton zan ji. Kusan rabin abin da suka mallaka ne a wurin.

Dattijon hayin rafi ya ce, "Talata da wane lokaci, Malam?"

Na ce da sanyin safiya.

Inna ta kwance ido ta haɗe ƙwarya biyun wuri guda ta ɗora tukunya. Da azahar muka ci wake da man shanu, har Sale. Tana zuba mini ta ce, "Wannan dabara ba ta namiji ba ce." Na ce ta matata ce. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, kuma ban ji komai ya ragu a jikina ba.

Hamman bai ci ba.

Lahadi, 27 ga Maris, da hantsi

Mai nono ta dawo. Ta ce wai ƙafa ce ta dame ta kwana goma sha takwas. Turai ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Talata, 29 ga Maris, bayan la'asar

Mota ta iso da ƙanƙara har bakin akwati, na buɗe na duba sau uku kafin mu ƙetare rafi. Rugage shida, babu wadda ta noƙe. Sale ma ya koro ragowar nasa, ya tsaya nesa yana ba da umarni kamar shi ya kirawo motar.

Wajen hantsi wani bijimi ya ƙi tsayuwa, ya watsar da mutum biyu. Sai na ga hannu ya kama ƙaho ya murɗe wuyan a hankali, yana yi masa magana da Fulatanci har ya lafa. Hamman ne. Ba garkensa ba ne, ba wanda ya kira shi. Ya riƙe mini har muka gama.

Da zan hau mota ya matso. Ya ce, "Malam, lissafinka gaskiya ne. Bakwai cikin ɗari kaɗan ne, na gani da idona." Ya kama hannuna ya buɗe tafin ya ajiye wani abu. Jan wake ne ƙwaya ɗaya. Ya ce, "Na roƙi Inna ta cire mini kafin ta dafa. Wannan Wule ce. Ita ba kaɗan ba ce."

Hannuna ya yi rawa. Na rubuta, tunda ya faru.

Juma'a, 1 ga Afrilu, bayan azahar

Na kai rahoto Tudun Wada jiya. Malam Maikano ya karanta ya ce, "Masu allura kashi bakwai cikin ɗari, marasa allura kashi arba'in da biyu. Madalla. To ina jimillar shanun? Ka bar gurbin fayau."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun cinye ta da man shanu."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga ba wasa nake ba, ya sa hannu.

Na rubuta maganar ƙanƙara a ƙasan rahoton, ba wanda ya tambaye ni. Na roƙi fulas na biyu da sabuwar sarƙa.

Waken yana cikin gwangwanin allurai. Duk sanda na buɗe sai na gan shi kafin in ɗauki allura. Turai ta ce in ba ta ta shuka in ruwa ya sauka, na ce a'a, wannan da ni zai riƙa zuwa aiki.